Amsa ga mai tambayar tabarau na VR don ciwon bayan Baba

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah Ya ba Baba lafiya. Ka ce shekara biyu ke nan ƙugunsa na damunsa, ka ga bidiyon Turawa suna sa tabarau na VR, wato na'urar da ake ɗaurawa a ido mutum ya ga kamar yana cikin wani wuri daban, suna cewa sun sami sauƙi, shi ne kake tambaya ko ka leƙa Computer Village, kasuwar kayan waya da kwamfuta ta Ikeja a Legas, ka sayo masa. Kar ka ciro kuɗinka tukuna.

Ni albasa nake saukewa a kasuwar Mile 12 ta Legas. Wata safiya na cicciɓi buhu don in taya ɗan dako, sai na ji ƙas a tsatsona. Daga ranar wata goma sha huɗu ina salla a kan kujera. Ƙaho, man zafi, mai ɗori, ƙwayoyin kemis, babu wanda ban gwada ba. Da aka yi min hoto a asibiti, likita ya ce bai ga abin yi wa tiyata ba, ya tura ni sashen gashin ƙashi. Haushi na ji, a zatona bai yarda ina ciwo ba ne. Ashe yawancin ciwon baya haka yake, kusan 90 cikin 100 ba a iya nuna wuri ɗaya a ce ga dalilinsa.

Wata likitar gashi ce a wani asibitin kuɗi ta fara ɗaura min tabarau ɗin. Sai ga ni cikin lambu, 'ya'yan itace na faɗowa, aikina in cafke in jefa a kwando. Da farko daidai ƙirjina suke zuwa. Ashe kullum tana sauke su ƙasa kaɗan-kaɗan ba ta faɗa min ba. A mako na uku ta nuna min bidiyon da ta ɗauka a waya: ga ni a sunkuye, hannu har ya wuce gwiwa, wato ruku'un da na rantse ba zan iya ba. Kunya da dariya suka kama ni lokaci guda.

Ta ce min ciwo idan ya haura wata uku, tsoro ne ke shiga cikinsa. Mutum ya daina lanƙwasawa, tsoka ta sandare, ƙwaƙwalwa ta riƙa kururuwa tun kafin a motsa. Aikin tabarau shi ne ya ɗauke maka hankali har jiki ya motsa ba ka ankara ba. Amma tabarau kam ba ya gyara ƙashi.

Abin ba damfara ba ne. A watan Nuwamba 2021 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani mai suna EaseVRx, wanda yanzu ake kira RelieVRx: zama 56 cikin mako takwas, kowanne minti 2 zuwa 16, galibi koyon numfashi da sassauta jiki. Sai dai da takardar likita ake ba da shi. Tabarau ɗin Meta Quest da za a miƙo maka a Ikeja na wasa ne, wannan manhajar ba ta ciki.

Ga kuma jiri. Rana ta farko sai da zuciyata ta tashi, na zauna a ƙasa ina haɗa gumi, balle dattijo. In ma za a gwada masa, a zaune, minti biyar, da mutum a gefensa.

Amma kafin duk wannan, kai shi a duba shi, ko asibitin ƙashi na Igbobi ko asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba. Kuma ka tambaye shi a keɓe, don dattawanmu ba sa faɗa a gaban yara: fitsari ko bayan gida na kuɓuce masa? Tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa na ja? In akwai ɗaya daga ciki, yau za ku tafi, ba gobe ba. Haka in yana rama da zazzaɓin dare, don tarin fuka ma yana kama ƙashin baya.

Ni zama goma sha biyu na yi da tabarau, sauran duk atisaye ne a kan tabarma da tafiyar rabin awa bayan asuba. Har yanzu in na daɗe cikin danfo, motar hayar Legas, a gosulon Ikorodu Road ƙugun yana yi min magana, amma azumin da ya wuce a tsaye na yi tarawihi.