Amsa kan rufin sorayen Gidan Makama

Malam, ka tambayi yadda rufin ƙasa na Gidan Makama da ke Kano yake tsayawa a kan soro mai faɗi ba tare da ƙarfe ko siminti ba. Sirrin yana cikin azara, wato itacen giginya da ake tsagawa, wanda gara ba ta cika cinsa ba. Da yake azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta yi yawa, sai magina su riƙa fito da ita daga jikin bango hawa-hawa, suna ɗaurewa da igiya suna shafewa da ƙasa, har ɓangarorin su haɗu a tsakiya su zama bakan gizo. A tsakanin bakunan ne ake jera gajerun azarori, kuma idan ka ɗaga kai za ka ga yadda jerin nasu ya zama ado.

Gidan, wanda ake danganta gininsa da Sarki Muhammadu Rumfa, mai mulki daga 1463 zuwa 1499, yanzu gidan tarihi ne da gwamnatin tarayya take kula da shi. A ganina abin da ya fi buƙatar kulawa shi ne indararo, domin idan ya toshe da damina ruwa yakan kwanta a rufi ya jiƙa azarar.