Garin titaniyam kabayid da tarin yaron shago

Tambaya: Ina da shagon walda a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Wani ɗan kasuwa ya sayar mini da garin titaniyam kabayid, ya ce in barbaɗa a bakin garma in bi da wuta, ba za ta ƙara cinyewa ba. Ya ƙi kamawa. Ga kuma yarona mai wasa haƙoran yankan ƙarfe ya fi wata yana tari, alhali kullum ina saya masa madarar gwangwani. Ina mafita?

Amsa: Malam, ba zai kama ba. Garin nan, wanda haɗin ƙarfen titaniyam da kabon ne, sai zafi ya haura digiri 3,000 na Salsiyas yake narkewa, ƙarfen garmarka kuwa tun wajen 1,500 ya zama ruwa. Taurinsa 9 zuwa 9.5 ne a ma'aunin Mohs, inda daimon ke da 10, amma yana da gautsi kamar tangaran. Shi ya sa masana'antu ke gauraya shi da ƙarafan nikel da molibdenam, su matse, su gasa a tanderun da aka zuƙe wa iska, sannan ya fito haƙorin da ke yanka ƙarfe da gudu. Tun 1969 kuma ana shafa shi siriri a kan haƙoran tangistan kabayid, wani haɗin mai tauri irinsa, don su daɗe. Garma dai, ka nemi sandar walda ta ƙara tauri.

Yanzu maganar cewa wai madara tana wanke ƙurar da aka shaƙa, wadda na gaji da ji. Wa ya fara koyar da ita? Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu, hanyarsu ta rabu tun daga maƙogwaro. Ko katan ya shanye, ƙwayar ƙura ɗaya ba za ta motsa ba. Illar ita ce maigida ya sayi gwangwani ya ga ya sauke nauyi, yaro ya sunkuya kan dutsen wasa, tartsatsi na tashi, ya fyace majina baƙa ƙirin, a yi dariya. Haƙoran da yake wasawa yawanci da ƙarfen kobal ko nikel aka haɗe garinsu. Ƙurar kobal tana jawo asma, tana kuma sa huhu ya yi tabo ya ƙandare, tabon kuma ba ya gogewa. Mai kemis zai ba shi maganin tari, mai gargajiya ya ce sanyi ne, babu wanda zai tambaye shi sana'arsa. Rawani ko hankici a hanci ma ba ya tare ƙura mai laushi irin wannan.

Yaron amana ne a hannunka. Tarin da ya wuce mako 2 sai an gwada tarin fuka, gwajin kuma kyauta ne a asibitin gwamnati. Ka kai shi da kanka, a ɗauki hoton ƙirji, ka faɗa wa likita ainihin abin da yake wasawa. Ka cire shi daga kan dutsen tukuna. Duk wanda zai karɓe shi ya sa takunkumi N95 ko wanda ya fi shi, ya yi wasa da ruwa, a inda iska ke ratsawa. Garin ka rufe shi a roba, in ya zube a goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada a sa tsintsiya.