Kibiyar iska tana ba ni lamba biyu: yaya zan saita ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska a Legas. Idan muna tunkarar iska tana bugo mu ta dama, na'urar auna iska tana nuna kusurwar iskar daga goshin jirgi digiri 27, da mun juya ta koma hagu sai ta nuna 35. Maigidana ya ce a sayi sabuwa. Lalacewa ta yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka roƙi maigidan ya dakata da sayen. A ganina na'urar lafiyarta ƙalau, zamanta ne a saman sandar jirgin ya ɗan karkace, kuma gyaransa na yini ɗaya ne.

Kibiyar nan mai nuna inda iska ke fitowa da 'yan kofuna uku masu auna gudunta da ke juyawa a can sama ba iskar gari suke aunawa ba. Iskar da jirgi ke ji suke aunawa, wato ta gari haɗe da wadda gudunsa ya haifar. Ka tuna yadda iska ke dukan fuskarka a kan babur ko da ranar ganye ba ya motsi. Na'urar sai ta karɓi gudun jirgi daga 'yar farfelar da ke ƙarƙashinsa, ta karɓi alƙibla daga kamfas, sannan ta lissafo iskar gaskiya, wato ta gari. Shi ya sa nake hana mutane farawa da kibiya.

Fara da kamfas: yawancin na zamani suna saita kansu idan ka zagaya da jirgin a hankali sau biyu ko uku a ruwa kwance. Sai farfela. Ciro ta ka duba, don ƙananan kwarin teku da gansakuka suna manne mata har ta riƙa juyi da ƙyar. Bayan ka wanke, yi tafiya miƙe da inji, ka dawo ta hanya ɗaya, ka kwatanta matsakaicin gudun da farfelar ta bayar a tafiyar biyu da abin da GPS ya nuna. Zuwa da dawowar wajibi ne a Legas, domin ruwan mashigar yana ja da ƙarfi lokacin cikowa da janyewa.

Yanzu kibiya. Nemi safiyar da babu iska sam, ka tuƙa da inji miƙe. Iskar da za ta ji ta gudunka ce kawai, don haka dole ta nuna sifiri, wato iska daga gaba sak. Abin da ya ƙaru ko ya ragu, shi ne karkatar.

Sannan ka tabbatar da sakamakon kana tafiya da filafilai a sama, wato ƙyallayen da iska ke tura jirgi da su. Zaɓi rana mai iska tsayayya, kamar not 10, wato kusan kilomita 18 a awa. Matuƙi ɗaya, ɗaurin filafilai iri ɗaya a ɓangaren biyu. Ku juya sau biyar ko shida, wani yana zaune da biro da takarda yana rubutawa bayan jirgin ya daidaita, ba a tsakiyar juyi ba. Idan lambobinka suka tabbata, tazararsu 8 ce, rabinta za ka gyara: digiri 4, sai kowane ɓangare ya nuna 31. Da yawa suna saka 8 ɗin gaba ɗaya, sai kuskuren ya koma ɗaya gefen. Na'urorin kamfanonin Raymarine, B&G da Garmin duk suna da wurin shigar da wannan lamba.

Kada ka yi wannan aikin a hunturu, lokacin da iska ke da rauni tana yawo. A irin ranakun, wadda ke saman sanda kan saɓa da wadda ke kusa da ruwa, sai ka gyara abin da bai ɓaci ba.

Idan bayan an saita lambar ta ci gaba da sauyawa daga mako zuwa mako, a nan ne za a hau sama. Duba ko sukurorin sun kwance, ko tsuntsu ya lanƙwasa kibiyar, ka kaɗa kofunan da yatsa ka saurara. In ka ji ƙarar gurza, boris ne ya ci, kuma a yawancin samfura ana canza shi kaɗai.