Me ya sa fuskar nan take kamar ba a gama zana ta ba?

Tambaya: Malam, na ci karo da wani zane na Ladislav Mednyánszky a intanet. Fuskar wani mutum ce cikin duhu, gemu buzu-buzu, rigarsa ma ba a gane ta. Ni dai gani nake kamar mai zanen ya gaji ne ya ajiye buroshi. Me masana suke gani a ciki?

Amsa: Malam, ba gajiya ba ce, da gangan ya bar shi haka.

An haifi Mednyánszky a 1852 a garin Beckov, wanda yanzu yake cikin Slobakiya. A lokacin yankin yana ƙarƙashin masarautar Hungari, shi ya sa mutanen can ma suke cewa nasu ne, suna kiransa László. Ɗan gidan sarauta ne, ya yi karatun zane a Munich da Paris, amma ya fi son zama da 'yan gararamba, mabarata da leburori. Su ya riƙa zanawa. Da aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya ya haura shekara 60, duk da haka ya bi sojoji fagen daga yana zana su. Ya rasu a Vienna a 1919.

Irin waɗannan mutane ba su biya shi don ya ƙawata su ba, don haka babu ruwansa da maɓallin riga ko gyaran gemu. Koma ka sake duba zanen, ka nemi inda haske ya sauka. Yawanci goshi ne, ko ƙashin kunci, ko gefen ido. Nan ya zuba ƙarfinsa. Sauran ya bar su sun narke cikin ruwan ƙasa da baƙi-baƙi, saboda idonka ya rasa wurin gudu, dole ku haɗa ido da mutumin. Gajiyarsa da yunwarsa da rashin yardarsa da kai duk suna wurin. Ni a ganina da ya tsaya gyara rigar, da ya kashe zanen.

Sai dai waya tana cutar irin wannan aiki, domin tana shafe kaurin fenti da sawun buroshi. Ka buɗe shi a kwamfuta, ka ƙara girmansa har ka ga yadda aka goga fentin, sannan ka rage shi. Shafin Web umenia na gidan adana zane-zane na ƙasar Slobakiya yana da ayyukansa da yawa, wasu kuma suna rataye a gidan danginsa da ke Strážky a Slobakiya.