Tambayoyin Masu Karatu: Kafin a Damƙa wa Ɗan Kwangila Mabuɗin Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni da maigidana muna shirin yi wa gidanmu babban gyara, domin za a sauya rufi, a sake aikin wuta gaba ɗaya, a kuma rushe bango guda a faɗaɗa falo. 'Yan kwangila uku sun zo sun duba, kuma wanda ya fi kwanta wa maigidana a rai mutum ne mai fara'a da iya zance, wanda ya nuna mana hotunan ayyukan da ya ce shi ya yi, sannan ya nemi rabin kuɗin aikin a matsayin kafin alƙalami. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ta yaya zan gano ko an taɓa maka shi a kotu, ko an taɓa shigar da ƙorafi a kansa, kuma a ina ake duba irin wannan? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abin da kike son yi ba zargi ba ne, kuma ɗan kwangilar da ya san yana kan gaskiya ba zai ji haushinsa ba.

Kafin ki buɗe wani kundi, ki fara sanin ko wane ne kike bincike a kansa, domin a nan ne mafi yawan masu bincike suke ɓata hanya. Sunan da aka rubuta a jikin mota ko a katin kasuwanci sau da yawa ba shi ne sunan da hukuma ta sani ba. Ki nemi ya ba ki, a rubuce, cikakken sunan da aka yi wa kamfanin rajista da shi, da lambar rajistar, da lambar lasisi idan ana bayarwa a inda kuke, da sunayen masu kamfanin, da adireshin ofishinsa. Dalilin neman sunayen mutanen shi ne, a idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, daban da wanda ya kafa shi, saboda haka idan bashi da ƙararraki suka yi masa yawa, mai shi yana iya barinsa ya durƙushe, ya wayi gari ya buɗe wani da sabon suna, alhali motar ita ce, ma'aikatan su ne, halin ma shi ne. Wanda ya binciki sabon sunan kaɗai zai tarar da shi fes, ya yi murna, bai san cewa maciji ne ya yi saɓa ba. Wasu ma da tsohon sunan suke dawowa, kuma abin ya yi ƙamari har dokar Ingila kan durƙushewar kamfanoni ta 1986 ta hana daraktan kamfanin da aka rufe saboda bashi sake amfani da sunan kamfanin, ko mai kama da shi, na tsawon shekara 5, sai a wasu yanayi ƙalilan da dokar ta keɓe.

Saboda haka zangonki na farko shi ne hukumar rajistar kamfanoni, kamar Companies House a Birtaniya, ko CAC a Najeriya, ko ofishin sakataren jiha a yawancin jihohin Amurka. Ki duba ranar da aka kafa kamfanin, ki gwada ta da abin da ya faɗa muku da bakinsa. Idan ya ce shekara 15 yana wannan sana'a, takarda kuma ta nuna kamfanin bai wuce wata 8 ba, hakan bai isa ya zama laifi ba, amma ya isa ki tambaye shi da wane suna ya yi sauran shekarun. A shafin Companies House, wanda ake dubawa kyauta, ana iya bin sunan darakta a ga sauran kamfanonin da ya taɓa riƙewa da yadda kowanne ya ƙare. A ganina babu binciken da ya fi wannan fa'ida, kuma ba ya cin rabin awa.

Daga nan sai hukumar da ke ba da lasisin sana'ar, a wuraren da doka ta tanadi hakan. Ba ko'ina ake da ita ba, kuma a Amurka ma kowace jiha da tsarinta. A Kalifoniya, alal misali, hukumar lasisin 'yan kwangila tana da shafin da za a sa lamba ko suna a ga ko lasisin yana aiki, da irin aikin da aka yarda mai shi ya yi, da matakan ladabtarwar da aka taɓa ɗauka a kansa, da kuma ko yana da lamunin dala 25,000 da doka ta wajabta tun 2023 domin biyan waɗanda aikinsa ya cutar. Ki lura da abu biyu. Na ɗaya, sunan da ke kan lasisin ya dace da sunan da zai sa hannu a yarjejeniyarku, domin akwai masu aron lambar wani. Na biyu, lasisin ya ƙunshi aikin da za a yi muku, tunda wanda aka yarje wa fenti da siminti ba lallai ne an yarje masa taɓa wayar lantarki ba.

Batun kotu shi ne ya fi buƙatar haƙuri. Babu wani kundi guda da ya tattara shari'un duniya, kuma ko a ƙasa ɗaya bayanan a warwatse suke. A Amurka, tsarin PACER yana nuna shari'un kotunan tarayya, waɗanda suka haɗa da na karayar arziki, amma rigimar mai gida da ɗan kwangila galibi a kotunan jiha da na gunduma ake yin ta, musamman kotunan ƙananan ƙararraki, saboda haka dole a duba su ɗaya bayan ɗaya a yankin da yake zaune da yankunan da yake aiki. A Ingila da Wales akwai rajistar hukunce-hukuncen bashi da Registry Trust ke kula da ita, inda hukunci yake zama na shekara 6, sai dai idan an biya bashin gaba ɗaya cikin wata guda ana goge shi kamar ba a yi ba. Inda kuwa bayanan kotu ba su hau intanet ba, sai a je ofishin magatakardan kotu, ko a biya lauya ya bincika, kuma kuɗin da zai karɓa ƙanƙani ne idan aka gwada shi da rabin kuɗin aikin da ake nema ku miƙa. Duk inda za ki duba, ki sa sunan kamfanin, ki sa tsofaffin sunayensa, ki sa sunan mutumin kansa.

Wani abu da masu gida ba su cika damuwa da shi ba, ni kuwa shi nake fara nema, shi ne ƙarar da masu sayar da kayan gini da ƙananan 'yan kwangila da leburori suka shigar. Mai gida yana iya kai ƙara saboda saɓani a kan launin fenti, amma dillalin katako ba ya zuwa kotu sai an riƙe masa kuɗi. Idan kika ga irin waɗannan ƙararraki sun jeru cikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, alama ce cewa mutumin yana toshe ramin aikin baya da kuɗin aikin gaba, kuma kafin alƙalaminku ne zai tafi biyan bashin wani gidan. Haɗarin bai tsaya nan ba. A Amurka da Kanada doka ta ba wanda ya yi aiki ko ya kawo kaya ba a biya shi ba damar ɗora bashinsa a kan gidan da aka yi aikin, ko da mai gidan ya riga ya biya ɗan kwangilar cif, ta yadda sayar da gidan ko jinginar da shi zai yi wuya har sai an warware. Shi ya sa a can ake karɓar takardar sallama, wato shaidar cewa an biya mutum kuma ba zai ɗora bashi a kan gidan ba, daga kowane ƙaramin ɗan kwangila da dillali a duk lokacin da aka yi biya.

Sai kundin ƙorafe-ƙorafe. Ki fara da hukumar kare haƙƙin masu saye ta gwamnati, sannan ki wuce ga ƙungiyoyi masu zaman kansu. Fitacciya a cikinsu ita ce Better Business Bureau ta Amurka da Kanada, wadda aka kafa a 1912, tana ba kamfanoni maki daga A+ zuwa F, tana kuma nuna ƙorafe-ƙorafen shekara 3 da suka gabata tare da amsar da kamfani ya bayar. Mutane da yawa suna ɗaukar ta hukumar gwamnati, alhali ba ita ba ce, kuma kamfanonin da ke ɗauke da tambarinta kuɗi suke biya. Don haka kada makin ya ɗauke miki hankali. Ki karanta ƙorafin kansa da amsarsa. Haka nan sharhin da ake yi a Google ko Facebook: ki tsallake yabon, ki tafi ga masu kuka, ki ga ko kukan nasu iri ɗaya ne. Yabon intanet ana sayensa, har ta kai hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kafa dokar hana sharhin bogi a 2024. Amma idan mutum huɗu da ba su san juna ba suka ce ya karɓi kuɗi, ya cire rufi, ya daina ɗaga waya, to ruwa ba ya tsami banza.

Game da rabin kuɗin da ya nema, ina ganin ya yi yawa. Dokar Kalifoniya ta iyakance kafin alƙalamin gyaran gida ga kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta, kuma ko da inda kuke babu irin wannan doka, hikimar da ke cikinta ta shafi kowa. Ku raba biyan bisa matakan aiki a rubuce, ku riƙe kason ƙarshe har sai an kammala, ku kuma nemi takardar inshorarsa ku kira kamfanin inshorar da kanku domin tabbatar da cewa ba ta ƙare ba.

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Na binciki wani ɗan kwangila da nake son ya gyara mini banɗaki da ɗakin girki, sai na tarar an taɓa kai shi ƙara sau biyu. Shin in janye? Daga wani mai karatu.

AMSA: Malam, kada ka yi saurin janyewa, domin ƙirga ƙararraki daban, karanta su daban. Kowa yana iya shigar da ƙara, kuma wanda ya shekara 20 yana aiki a ɗaruruwan gidaje da wuya a ce bai taɓa saɓawa da kowa ba. Ka duba shekarar kowace shari'a, da wanda ya shigar da ita, da abin da aka yi jayayya a kai, da yadda ta ƙare: an kore ta ne, ko an yi sulhu, ko an yanke masa hukunci? Idan hukunci aka yanke, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ko ya biya. Mutumin da kotu ta ce ya biya ya kuma biya, ya nuna cewa ana iya karɓar haƙƙi a hannunsa, amma wanda hukunci ke kansa shekara da shekaru bai biya ba, ya riga ya gaya maka abin da zai same ka idan naku ya ɓaci. Ka lura kuma da shari'un da shi ne ya shigar, domin ɗan kwangilar da ke yawan maka abokan cinikinsa a kotu shi ma abin dubawa ne.

Bayan ka karanta, ka tambaye shi ba tare da ka nuna masa abin da ka gani ba: an taɓa kai ka ƙara? Idan ya faɗi gaskiya ya yi bayanin da ya dace da takarda, ni zan fi yarda da shi fiye da wanda ban sami komai a kansa ba. Idan ya rantse cewa bai taɓa taka kotu ba, to ka nemi wani.

TAMBAYA: Malam, wanda zai yi mini aiki ƙaramin magini ne, ba shi da kamfani, kuma na duba ko'ina ban ga sunansa ba. Wannan yana nufin ba shi da matsala? Daga wata mai karatu.

AMSA: A'a, Malama, abin da yake nufi kawai shi ne ba a rubuta komai a kansa ba. Yawancin waɗanda aka cuta ba sa zuwa kotu, saboda kuɗin shari'a da wahalarta kan wuce abin da za su ƙwato, wasu rigingimun kuma ana kashe su ta hanyar sulhu ko a gaban mai shiga tsakani, inda babu kundin da jama'a za su duba. Tunda takarda ba ta da abin faɗa, sai ki koma ga mutane. Ki nemi ya haɗa ki da masu gidaje uku na ƙarshe da ya yi wa aiki, ba ukun da ya zaɓa ba, ki ƙara da guda wanda aikinsa ya kai shekara 2 ko 3, domin yoyon rufi da tsagewar bango ba sa bayyana ranar da aka gama. Gani ya kori ji, don haka ki je ki duba idan sun yarda, ki tambaye su ko kuɗin ya ƙaru a tsakiyar aiki, da kuma ko ya dawo lokacin da suka kira shi gyara. Ki tambayi inda yake sayen kaya ko yana biya a kan kari. Sannan ki karɓi kwafin katin shaidarsa, ki tabbatar sunan da ke ciki shi ne a yarjejeniya da asusun da za ki tura kuɗi, domin idan ta kai ga kotu, da wannan sunan za a kai sammaci.