Sauke Littafi Mai Tsarki cikin kwana 90: karatu ne ko tsere?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Matasan ikilisiyarmu sun shirya karanta Littafi Mai Tsarki daga Farawa zuwa Wahayin Yahaya cikin kwana 90, ni ma ina so in shiga. Amma wani dattijo ya ce mini wannan tsere ne kawai, Maganar Allah ba a yi mata gaggawa. In shiga ko in haƙura? Daga wata 'yar'uwa.

Amsa: 'Yar'uwa, ki shiga. Dattijon yana da gaskiyarsa, amma nazari yake nufi, ku kuma karatun sauka kuka sa gaba, kowanne da amfaninsa.

Ga lissafin. Littattafai 66 ne, babi 1,189: Tsohon Alkawari 929, Sabon Alkawari 260. A kwana 90, babi 13 ke nan da ɗan ɗoriya kowace rana, wajen awa guda ga mai matsakaicin sauri. Ba za ki kai Matiyu ba sai bayan kwana 70, gara ki san haka tun yanzu. Kada kuma ki dogara da ƙidayar babi kaɗai, don Zabura 117 aya biyu ce tak, Zabura 119 kuwa aya 176. Babin ma ba marubutan suka tsaga shi ba. Stephen Langton, wani babban bishop na Ingila, ake danganta wa tsarin, a ƙarni na 13. Ki ware lokaci, shi ya fi.

Abin da ya sa nake goyon bayan saurin shi ne yana haɗa miki abubuwan da karatun shekara guda ke raba su. Mai bin babi uku ko huɗu a rana yakan karanta Littafin Firistoci a farkon shekara, ya iso Ibraniyawa shekara na ƙarewa, ya riga ya manta da bunsurun da ake kora jeji da jinin da babban firist ke yayyafawa a Ranar Kafara, Firistoci babi na 16. Ke kuwa za ki iso Ibraniyawa 9 suna nan daram a ranki, ki ga inda marubucin ya dosa ba sai an yi miki sharhi ba. Haka za ki buɗe Ishaya 36 ki ce, ai na ji labarin nan na Hezekiya da Sennakerib. Lalle kin ji, a 2 Sarakuna 18. Daga nan annabawa za su fara zama mutane masu zamani da sarki da maƙiyi a bakin ganuwa.

Inda mutane ke sarewa sananne ne: ma'aunin alfarwa a ƙarshen Fitowa, da jerin sunayen da ya cika babi tara na farkon 1 Tarihi. Ki bi ta kansu da sauri, amma kada ki tsallake. Addu'ar Yabez tana tsakiyar sunayen nan ne, a babi na 4.

In aya ta shige miki duhu, sa mata alama da fensir ki wuce. Ranar da kika rasa karatu, kada ki ninka na gobe ya zama babi 26, nan ne ake jefar da shirin gaba ɗaya. Ki ɗora daga inda kika tsaya ko da saukar ta kai kwana 100. Ayoyin da kika yi wa alama kuwa, in kin gama, ki kwashe su ki kai wa dattijon ku zauna a kansu a tsanake.