Kada ki ci bashin yadi tukuna, fara sanin abin da riga ɗaya ke ci

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kin ce keke ɗaya gare ki, na ƙafa, kina ɗinka rigunan yara da na mata a ɗakinki, kowa na yaba hannunki, amma wata ya zo ya wuce ba kya ganin komai, wani lokacin ma kuɗin zare sai kin ciro daga na cefane. Kina tambaya ko ki ci bashi ki sari yadi ki ɗinka da yawa ki ajiye, ko abin zai motsa. Na daɗe a kan keke, kuma da irin ƙaramin ƙarfinki na fara. A ganina bashi ba zai miki magani yanzu ba. Jarinki yoyo yake yi, in kika zuba bashi a kai, tare za su tsiyaye.

Wurin da ya fi yoyo shi ne farashi. Yawancinmu in za mu yanka kuɗin riga, yadi kawai muke lissafawa, mu ɗora ɗan wani abu a kai, mu kira shi riba. Zare, zif, maɓalli, shafi, roba, allurar da ta karye, man keke, wutar guga, kuɗin motar zuwa sayo kaya, ledar da aka saka rigar, katin wayar da aka ƙona ana ciniki, duk sun bi ruwa. Babban abin da ake mantawa kuma shi ne lokaci. Ki samu littafi, rigar da za ki ɗinka nan gaba ki duba agogo tun daga awo, yanka, ɗinki, kalmasa, guga, har gyaran da mai ita za ta dawo da shi. Ki cire kuɗin kaya daga abin da aka biya ki, ki raba ragowar da awannin da kika yi. Abin da ya fito shi ne ladanki na awa ɗaya. Ranar da mutum ya fara wannan lissafi jikinsa kan yi sanyi, don sai ki tarar da rigar da kika fi alfahari da ita, mai tattara da ado a wuya, ita ce ta fi cutar ki, siket ɗin nan mai sauƙi da kike rainawa kuwa shi ke riƙe da ke.

Ga yadda nake yi. Kuɗin kaya duka, ƙanana da manya, in ƙara kamar kashi 10 cikin 100 saboda ɓarnar yanka da kuskure. Sai ladan hannuna, awa sau abin da na yanke wa kaina, kuma ba na yarda ya gaza abin da zan samu in na je na yi wa wani aikin yini. Sai wani ɗan kaso a sama, wanda ba nawa ba ne, na keke ne da sana'ar. Mutane kan haɗa lada da riba su ɗauka abu ɗaya ne. Lada shi kike ci. Riba ita za ta saya miki sabon almakashi, ta gyara keke ranar da ya tsaya. In kina cinye su biyun, ran da bel ya tsinke sana'a ta tsaya ke nan.

Na san abin da za ki ce: in na ɗaga farashi za su gudu. Wasu za su gudu, gaskiya ne. Amma wadda ke zuwa wurinki don kin fi kowa araha, ran da ta ga wadda ta fi ki araha ko sallama ba za ta miki ba. Kuma tseren araha ba naki ba ne. Rigar kanti a masana'anta aka yi ta, inda ake shimfiɗa yadi hawa-hawa a yanka da inji lokaci guda, mutum ɗaya aikinsa wuya kawai, wani hannu kawai, tun safe har dare, a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Ginin Rana Plaza da ya rufta a Bangaladash a 2013, ya kashe mutum sama da 1,100, galibinsu masu ɗinka irin waɗannan kaya ne. Ga kuma gwanjo a gefe. Ke da keke ɗaya ba za ki kai su ƙasa ba. Abin da kike da shi wanda ba su da shi, kina auna jikin mutum. Mai ƙiba, mai tsawo, mai ciki, mai shayarwa da ke son riga mai buɗewa ta gaba, tsohuwar da hannunta ba ya kai wa zif ɗin baya, yaron da ƙugunsa bai kai tsawonsa ba: waɗannan su ne kasuwarki, kuma in suka dace da hannun da ya gane jikinsu ba sa sauya tela.

Sai maganar ɗinkawa a ajiye, wadda ita ce ainihin tambayarki. Rigar da ke rataye kuɗi ne a ɗaure. Kin zaɓi launi da kanki, kin zaɓi girma da kanki, sai mai saye ta zo ta ce da ma shuɗi ne, da ma ya ɗan fi haka faɗi. Yayi ya wuce, ƙura ta hau, ki karyar da ita ƙasa da kuɗin yadinta. Mai babban jari zai iya jure kwantai, ke ba za ki iya ba. Ki ɗinka samfuri uku ko huɗu kawai, waɗanda hannunki ya fi faɗawa a kansu, ki ɗauke su hoto da hasken rana kusa da taga, a jikin mutum in zai yiwu, gaba da baya da kusa da ɗinkin. Duk mai so ta ba da kafin alƙalami wanda zai ishi sayen kayan rigar gaba ɗaya, galibi rabin kuɗin, cikon kuma ranar karɓa, kafin rigar ta bar hannunki. Da haka kuɗin mai riga ne ke sayen yadi, ba naki ba. Maimaita samfuri ɗaya yana da wata fa'ida: ki yanka fatunsa, wato siffar kowane ɓangaren rigar, a kwali ki ajiye, hannu ya saba, rigar da ke cin yini ta koma rabin yini, farashi bai sauya ba amma ladanki ya ninka.

'Yan'uwa da ƙawaye, to, nan ne ake jin kunya. Su ne za su ce ɗinka min zan kawo, kuma kin san ba za a kawo ba. Abin da ya fi min sauƙi, in zan yi kyauta in yi ta da sunan kyauta, in faɗa da bakina cewa wannan na ba ki, amma ko ita mai ita ce za ta kawo yadi da zare. Bashi kuwa babu. Gara a ji haushinki na kwana biyu da ki riƙa bin 'yar'uwarki kuɗi shekara guda.

Kuɗin sana'a ki ware musu wurinsu, ko gwangwani ne ko ambulan. Na san in abin hannu ya yi ƙaranci, yaro ba lafiya, ba wanda zai kalli gwangwani ya ƙyale. Ki ɗauka, amma ki rubuta, ki mayar in ciniki ya shigo. Rubutun ne ke nuna miki ko sana'ar ce ba ta kawowa, ko gida ne ke cinye ta. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai asarar da ba a gani a littafi sai a kan tebur. Yadin auduga yana motsewa a wankin farko, wani kuma yana zuba, don haka ki jiƙa shi ki shanya ki goge kafin almakashi ya taɓa shi, in ba haka ba rigar da ta zauna daidai za ta dawo miki ta ɗage. Ki tambayi faɗin yadi kafin ki saya, don akwai mai kusan santimita 115 akwai mai 150, kuma mai faɗin, ko ya ɗan fi tsada, sau da yawa shi ya fi fitar da kaya. Ki jera fatun duka a kan yadin kafin ki yanka ko ɗaya. Ragowar ƙyalle kada ki zubar, yana zama aljihu, bakin wuya, abin ɗaure gashi, rigar jarirai. Allura ki daidaita ta da yadi: mai lamba 70 ko 80 ga mara nauyi, 90 ga matsakaici, 100 ga jins da makamantansa. In keke ya fara tsallake ɗinki ko tattare yadi, kafin ki kira mai gyara sauya allura, ki share ƙurar da ke wajen kwarkwaro, ki ɗiga mai. Yawancin lokaci shi ke nan. Ki kuma bar isasshen rara a cikin ɗinkin gefe, musamman kayan yara, iyaye na son rigar da za a iya saki.

Kada ki raina gyara. Sauya zif, rage tsawon wando, tsuke riga, faci: ba ya cin jari, ana biya nan take, kuma shi ke shigo da mutanen da gobe za su kawo ɗinki. A watannin da sabon ɗinki ya yi sanyi, shi ke riƙe mutum.

Ban ce bashi haramun ne ga mai ƙaramar sana'a ba. Tun 1856 kamfanin Singer ya fara sayar da kekuna ana biya kaɗan-kaɗan, kuma ta haka keke ya shiga gidajen da ba za su iya biya lokaci guda ba. Masanin tattalin arziki Muhammad Yunus ma a 1976, a ƙauyen Jobra na Bangaladash, dala 27 ya ranta wa mutum 42, cikinsu har masu saƙa kujerun gora da 'yan kasuwa ke ba kaya bashi su saye abin da suka saƙa a wulaƙance. Daga nan bankin Grameen, mai ba talakawa ƙaramin rance, ya samo asali. Amma ki lura, waɗannan suna da abin sayarwa da masu saye, kuɗin kayan aiki kawai ya tsare su. Binciken da masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka yi daga baya a Haidarabad ta Indiya ya nuna ƙaramin rance ya fi amfanar waɗanda sana'arsu ta riga ta kama ƙasa, bai sauya rayuwar yawancin masu karɓa yadda aka zata ba. Ranar biya ba ta jiran ranar ciniki.

Saboda haka ki ba kanki wata uku kina rubutu. In littafin ya nuna kowace riga tana biyan kayanta da ladanki har da ɗan saura, kuma kin fara mayar da aiki don hannu ya miki yawa, a lokacin ki yi tunanin rance, kuma ki sa shi a abin da zai ƙara miki sauri, kamar injin lantarki a jikin keken ko keken kama bakin ƙyalle, ba tarin yadi ba. Ki tabbata abin da za ki riƙa biya bai fi abin da kike samu a watan da ciniki ya fi mutuwa ba. In kin yi lissafin rigar farko, kawo alƙaluman mu duba tare, ki haɗa da awannin da ta ci.